Tusar Jaki a Tsakar Bayan Atu

Duk ciwon da ya fito mini ta gaba, ni nake maganin abina, ba na neman kowa. Faso ya tsaga mini dunduniya, in jiƙa ƙafa in goge da dutse. Mura ta kama ni, in daka citta da masoro in zuba a kunu, in lulluɓa har in yi gumi. Ciki ya murɗa, ga jar kanwa. Haƙorin da ya dame ni bara ma, kanumfari na yi ta danna masa har ya gaji ya fita da kansa. Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, ina zaune ni kaɗai a ɗakina na bayan marina a nan Tambuwal, ina kaɗin auduga ina cin abinci, kuma ban taɓa leƙa zanar wani na ce a zo a taimake ni ba.

Sai 'yar banzar abar nan ta tashi ta fito mini a baya.

Wai ita tusar jaki. Ban san wanda ya raɗa mata wannan suna ba, amma ya san ta, don abin raini ce. Ba ta wuce ƙwayar wake ba. To amma raina kama ka ga gayya. Duk faɗin jikin nan nawa ba ta ga wurin zama ba sai tsakar baya, ƙasa da kafaɗu kaɗan, daidai inda bakin zane yake kwanciya. In na ɗaura zane ya goge ta, in na sunkuya ya goge ta, kafin azahar ta yi jini. Zannuwana biyu ne duka duniya. Na koma kullum ina wankin ɗaya ina salla da ɗaya, kamar mai jego.

Ran kasuwa na je wurin Na'Allah wanzami, can gindin tsamiyar da yake baje zabirarsa. Na jira ya gama yi wa wani mahauci ƙaho, ya aske wasu mutum biyu, sannan ya ɗago kai ya gan ni.

"Inna Atu! Yau ke ta da kanki? Lallai za a yi ruwa. Mi yaf faru?"

"Kai dai rage surutu," na ce. "Wata aba ta ga bayana. Sa aska ka yanke min ita in huta."

Muka zagaya bayan rumfar mai fura, na sassauta zane, ya duba. Na ji ya taɓa ta da ɗan yatsa, ya yi tsaki.

"A'a, Inna, wagga ba a kai mata aska. Jininta iri na, dut inda yat taɓa sai wata ta tsiro. Ki zo da ɗaya, ki koma gida da biyar. Shaƙe ta aka yi."

Ya zaro izgar doki guda daga zabira, baƙa wuluk, ya yi mata zarge, ya sa a gindin abar ya ja. Kai! Sai da na ambaci sunan Allah. Ya bar bakin izgar yana reto, tsawon ɗan yatsa.

"Kullum da safe a ja bakin nan kaɗan," in ji shi. "Kwana bakwai ko takwas ta bushe ta faɗi. Amma in anka bar zargen sako-sako, ba ta mutu ba, ba ta yi rai ba, kumbura taka yi ta ɗuri ruwa. Ni gobe Jabo za ni, daga can in wuce Sanyinna, sai wata ya kama in dawo. Akwai mai ja maki gida ko?"

"Yo ni daga sama nif faɗo? Gida cike da mutane."

Ya dube ni. Tambuwal kaf babu wanda bai san ni kaɗai nake kwana nake tashi ba, shi ma ya sani. Ya dai ce, "To madalla," ya shiga wasa aska. Na ajiye masa dunƙulen zare na juya, ina jin haushinsa don bai ƙaryata ni ba, kuma na san da ya ƙaryata ni da kasuwar nan ta ji mu.

Washegari bayan na idar da salla na zauna tsakar gida, na sauke zane zuwa ƙugu. Na miƙa hannu ta saman kafaɗa, kafaɗar ta ce ba ta san zancen ba. Na biyo ta ƙasa, na murɗa hannu har sai da gwiwarsa ta yi ƙara, saura kamar yatsa uku in kai, amma ina! Na ɗauko mazari na lalubo, sai ya caki abar, na yi ƙara ni kaɗai. Na tsaga bakin kara na yi masa kamar hantsaki, na yi ta kamun iska. Har bango na jingina na goga ko izgar za ta maƙale a wani abu. Kazata tana tsaye tana kallona da ido ɗaya, na jefe ta da karan.

Daga nan na zauna ina haki. Ta bayan zana ina jin matan gidan Jumare maƙwabcina su uku suna lugude, taɓarya na bin taɓarya, wata ta yi magana suka kwashe da dariya. Ni ga ni tsirara rabi a tsakar gida, tsohuwa da furfura, na rasa mai ja mini gashin wutsiyar doki. Wallahi ranar da aka fita da gawar maigidana ban ji kaɗaici irin na wannan safiyar ba. Ranar gidan cike yake da mutane.

Kwana uku ina wannan kokawa. Ran na huɗu wurin ya ɗau zafi, na ji ya yi tauri, rigingine ta gagare ni. Na haɗiye girman kaina, da ƙyar ya wuce, na yafa zane na yi sallama gidan Jumare. Rabon ƙafata da gidan tun shekarar da akuyarsu ta cinye mini auduga rabin kwando, na tsaya bakin zana na wanke uwar Jumare tas, har da kakanninta.

Hauwa'u na tarar, amaryar ɗan gidan, yarinya mai kunya, da cikinta ya yi ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta jawo mini tabarma. Na gaya mata abin da ya kawo ni a gurguje, ina kallon gefe.

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. "Inna, ki yi mani aikin gafara. Kin ga halin da nika ciki. An ce mai ciki ba ta taɓa ta, sai ɗan shi fito da ita ga fuska."

Ban ga laifinta ba, ni ma haka na taso na ji ana faɗi. Ta ɗaga murya wajen ɗakin tsohuwar, uwar Jumare, ta ce, "Gwaggo, ga Inna Atu ta shigo." Ina ganin ƙafafun matar ta ƙasan asabari, a miƙe, tana kaɗa babban yatsa. Hauwa'u ta sake kira. Sai muka ji tari, aka janye ƙafafun ciki.

Na tashi na kakkaɓe zanena. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni na san halina, bakina ya fi aska, kuma babu gidan da ke unguwar nan da ban taɓa yi wa tsaga da shi ba. Na komo ɗaki na zauna a bakin gado, na shiga lissafa mutanen da zan iya buɗe wa bayana. Na bi dangin maigidana ɗaya bayan ɗaya, na bi matan da muke haɗuwa a rijiya. Lissafin bai yi nisa ba ya ƙare, ya bar ni da suna ɗaya, wanda na fi shekara goma ina kauce masa: Yelwa.

Yelwa ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Kebbe aka haife mu, ni aure ya kawo ni Tambuwal, ita ta zauna can. Allah bai ba ni haihuwa ba. Da ta yaye ɗiyarta ta uku, Ni'imatu, da ƙafarta ta goyo ta har nan, ta kwance ta ɗora mini, ta ce, "Taki ta, Yaya, har abada." Shekara bakwai yarinyar nan tana hannuna. Ita ke tsince mini gurya, ita ke ɓata mini zare, ita ke cika gidan da surutu.

Wata ranar jajibirin kasuwa ta dawo daga rijiya tana ɗingishi, ta ce ƙayar aduwa ta soke ta a dunduniya. Ina sauri in cika zaren da masaƙi zai karɓa da safe. Na ce, "Ƙaya ta kawai, bari in gama." Ban gama ba sai da rana ta faɗi. Washegari ta daina kuka, ta koma wasanta, ni kuma na manta. Ashe ƙayar ta karye a ciki. Bayan kwana takwas haƙoranta suka datse, bayanta ya sandare, babu rubutun da ba a ɗura mata ba, babu hayaƙin da ba a yi ba. Ran na uku Allah ya karɓi abarsa.

Yelwa ta zo gaisuwa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna cikin mata, ta dubi kwandon audugata, ta ce, "Da cikinki taf fito, da kin aje mazarin."

Gaskiya ta faɗa ko ba gaskiya ba, har yau ban sani ba, kuma babu ranar da ba na tambayar kaina. Abin da ya kamata in yi shi ne in rufe bakina in yi kuka. Sai na miƙe a gaban mutane na ce ta tashi ta bar mini gida, kada in ƙara ganin ƙafarta. Ta kuwa tashi. Magana zarar bunu ce. Da maigidana ya rasu ta aiko ɗanta da damin gero, na ce ya mayar mata, ba na cin sadaka. Shekara goma sha bakwai ke nan ban sa ta a ido ba.

Sau nawa ina so in je? Kowace kaka, in na ga an fara yankan gero, sai in ce bana za ni. To in je in ce me? Mutum ba ya faɗa wa gidan da ya yi shekara goma sha bakwai bai taka ba hannu rabbana, sai da abin faɗi a baki. Yanzu kuwa ga shi na samu. Wanzami ne ya ce a ja, hannuna bai kai ba, shi ke nan. Ba biko na zo ba, ba roƙo na zo ba, lalura ce. Har wani sanyi na ji a raina, ni da abu ke ci a baya.

Ba a bin hanyar Kebbe mutum ɗaya, saboda maharan dawaki da akan yi karo da su a daji. Na samu wasu masu jakai su shida za su kai gishiri, babbansu wani Attahiru ya ce in biyo su in ƙafata za ta iya. Na damƙa wa Hauwa'u kazata, na ja asabari, na ɗora ƙunshina a ka. Bazara ce, ƙasa kamar an zuba garwashi. Ina tafe a bayan jakai, gumi na gangarowa yana shiga wurin kamar barkono. Wani jaki ya saki iska a gabana, na ce, "Ahir ɗinka! Wadda kab ba ni ma ba ta ishe ka ba?" Mutanen suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Rabon da wani ya yi dariyar maganata, ba dariyata ba, na manta.

Muka kwana a wani ƙauye, da asuba muka ɗau hanya. Duk tafiyar nan bakina bai huta ba, ina ta bitar abin da zan faɗa. In ta ce mi ya kawo ki, in ce tusar jaki. In ta ce Tambuwal babu mutane ne, in ce hannunsu ne ban yarda da shi ba. In ta ɗaure fuska, ni ma in ɗaure, in juya mata baya kawai ta ja. Kwana biyu ko uku da suka rage, dole ta bar ni in zauna, ko kare ba a kora da ciwo a jiki. Abin da zai biyo bayan kwanakin nan kuwa ban yarda na yi tunaninsa ba. Na lura zafin ya ragu tun safe, na ɗauka ciwon ƙafa ne ya danne shi.

Rana ta take tsaka muka iso wani tafki, ana hango ganuwar Kebbe da kan kukokinta. Attahiru ya ce a shayar da jakai a yi azahar. Na koma bayan wata sabara don in gyara ɗaurin zane in yi alwala. Ina kwancewa sai wani abu ya faɗo a kan ƙafata. Na sunkuya na ɗauka. Baƙi ne, busasshe, ya motse kamar ƙwayar dawa, da izgar doki zarge a gindinsa.

Na daɗe ina kallonta a tafin hannuna. La'ananniya! Wata huɗu tana cin zanena, kwana biyar tana hana ni barci, ba ta tashi faɗuwa ba sai da na hango garinmu. Ashe jan farko da Na'Allah ya yi ya isa, ko kuwa zane ne ya ƙarasa aikin a hanya, oho. Mutane in sun warke hamdala suke yi. Ni zama na yi a ƙasa, don abin da zan faɗa wa Yelwa ne ya faɗi.

"Inna, mu tafi!" Attahiru ya kira daga bakin ruwa.

Na yi tunanin in zauna nan gindin sabara har su sayar da gishirinsu su dawo, in bi su mu koma. Babu wanda zai sani. In koma ɗakina, in karɓi kazata, in ɗauki mazari. Na hango kaina ina ɗaga asabarin nan, ɗaki ya yi tsit yadda na bar shi, tabarma a naɗe. Sai na ji ba zan iya ba, wallahi ba zan iya ba. Na haƙa rami da yatsa na binne abar, na yi salla, na ɗau ƙunshina.

Gidan bai sauya ba, sai dai an ƙara ɗaki biyu. Wata matashiya da goyo ta amsa sallamata, ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ta ce, "Inna, baƙuwa kinka yi." Baƙuwa. A zauren gidan nan na raka Yelwa ranar da aka kawo ta, tun kafin a haifi wannan yarinya ma.

Yelwa tana durƙushe gaban ƙwarya tana wanke gero. Na bar ta da jiki, na tarar da ita ta bushe, kai fari fat, ta koma kamannin innarmu sak. Ta ɗago ta dube ni, hannunta cikin ruwa. Ba ta tashi ba.

"Sannu da zuwa," ta ce.

"Yawwa, sannu."

"An zo lafiya? Ina gajiya? Ina mutanen Tambuwal?"

"Lafiya lau."

Haka muka yi ta jera gaisuwa kamar waɗanda suka haɗu a bakin kasuwa. Matashiyar ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, na sha. Gaisuwa ta ƙare, babu sauran abin tambaya. Yelwa ta tsame hannu ta yarfe.

"Mi yak kawo ki?"

Bakin nan nawa da bai taɓa rasa amsa ba, ya buɗe ya fitar da abin da ya haddace a hanya. "Tusar jaki ta ga bayana. Wanzami ya ɗaure, ya ce a riƙa ja kullum. Hannuna ba ya kai."

Ta dubi matashiyar, ita kuma ta shige ɗaki da goyonta.

"Juyo," in ji Yelwa.

Na juya mata baya, na sassauta zane. Na ji ta matso a kan gwiwa. Yatsunta masu sanyin ruwan gero suka sauka a kafaɗata, suka gangara, suka tsaya a wurin.

"Babu komi nan," ta ce. "Ta faɗi."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tun bakin tafki."

"To mi kinka zo yi?"

Na nemi ƙarya ko guda, na rasa. Ina kallon bangon rumbu, na ce, "Ban da kowa, Yelwa." Na ƙara da cewa, "Ƙayar nan, da na..."

"Kul!" ta ce. "Kada ki faɗi sunan ɗiyar nan. Ba yau ba. Ban iyawa."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban samu bakin roƙo ba. Ina jira ta ja zanen ta rufe mini baya, ta ce in huta gobe in bi masu jakai. Tattabaru na ta kuka a kan rumbu. Hannun dai bai tashi ba.

Can ta ja numfashi, ta danna gefen wurin da babban yatsa.

"Gurbin bai rufe ba," ta ce. "Ɗanye na. In anka bar shi ƙuda na hawa. Sai an riƙa dubawa."

"Kwana nawa?"

"Ni wanzami ta? Ina nis sani? Ke dai zauna, Yaya, ki bar motsi."

Na zauna. Ba na ganin fuskarta, ita ma ba ta ganin tawa, gara haka, don hawaye ne ke zuba har kan cinyata, ni Atu da ko a makoki ba a ganin kukana. Hannun nata duk ya yi kanta, kuma wurin da take dannawa zafi yake yi mini sosai. Ban ce ta ɗauke ba.